LADAN MASU KULA DA TSOFAFFI DA KUƊIN JINYA A GIDA: DARASI DAGA ƘASAR OSTIRALIYA

Wannan darasi zai bayyana wa mai karatu yadda aka ƙara wa masu kula da tsofaffi albashi a ƙasar Ostiraliya tun daga shekarar 2023, da kuma yadda Gwamnatin ƙasar ta sake tsarin kuɗin da ta ke bayarwa domin a kula da tsoho a cikin gidansa. Wanda ya dubi al'amuran nan biyu a gurguje zai zaci ko wanne hanyarsa dabam. Alhali kuwa igiya ɗaya ce ta ɗaure su, gama daga cikin kuɗin da a ke ware wa tsoho a ke biyan ma'aikacin da ke zuwa yi masa wanka. In an taɓa ɗaya, lalle ɗayan ya motsa. Abin da mu ke so a fahimta ke nan, saboda haka sai a karanta a hankali, a kuma riƙe lissafin da ke ciki.

Kuɗin da za a ambata duka dalar Ostiraliya ce. Biliyan ɗaya kuwa miliyan dubu ke nan.

ƘASAR DA TSOFAFFINTA

Ostiraliya babbar ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye, tsakanin tekun Indiya da tekun Fasifik. Mutanenta sun kai miliyan 27 a shekarar 2024. Tana da jihohi shida, Gwamnatin Tarayya kuwa tana zaune a birnin Kanbera. Mutanen ƙasar suna da tsawon rai, har jaririn da aka haifa a can a wannan zamani a kan sa masa ran wuce shekara 80. Cikin ko wane mutum shida, a ƙalla ɗaya ya kai shekara 65. Wani rahoto da Baitulmalin ƙasar ya fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa cikin shekara 40 yawan waɗanda suka kai 65 zai ninka har da ɗoriya, na masu shekara 85 kuwa zai ninka fiye da sau uku.

Watakila mai karatu ya ce, to, ina 'ya'yansu da jikokinsu? Amsa ita ce, a can ba a cika samun kaka da jika cikin gida ɗaya ba. 'Ya'ya su kan kama gidan kansu, sau da yawa a wani gari mai nisa, miji da mata kuma duk suna fita aiki. Duk da haka dangi suna ɗauke da babban kaso na ɗawainiyar tsofaffinsu ba tare da wani lada ba. Amma fa tsohon da gigin tsufa ya kama, ko wanda ba ya iya sauka daga gado, bukatarsa ta kan fi ƙarfin iyalinsa. Nan ne ma'aikacin da a ke biya ya ke shigowa.

HANYOYIN KULAWA DA MAI BIYA

Manyan hanyoyi biyu ne. Ta fari ita ce gidan kula da tsofaffi, inda tsoho zai ƙaura ya zauna, a ba shi ɗaki da abinci da mai jinya. Ta biyu ita ce jinya a gida, watau tsoho yana zaune cikin gidansa, ma'aikaci ya riƙa zuwa yana yi masa wanka, da shara, da wanki, da dafa abinci, ko ya kai shi asibiti ko kanti. Yawancin tsofaffi wannan ta biyu suka fi so, domin ba mai son a raba shi da ɗakinsa da maƙwabtansa.

Galibin masu gudanar da aikin kamfanoni ne, da ƙungiyoyin addini, da na jin ƙai. Amma mafi yawan kuɗin daga Gwamnatin Tarayya su ke fitowa, watau daga harajin jama'a. A shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 abin da aka kashe kan kula da tsofaffi ya wuce dala biliyan 30. Wannan shi ne mabuɗin darasin nan. Kamfanin da kusan dukan abin da ya ke samu Gwamnati ce ke yanka masa, ba shi da ikon ƙara wa ma'aikatansa albashi mai yawa sai in Gwamnati ta ƙara masa. Ashe ke nan mai biyan albashin na ainihi shi ne mai biyan haraji.

Tun daga 2013 aka tsara kuɗin jinya a gida hawa huɗu. Wanda ya kai shekara 65 ya ke da ikon nema, amma 'yan asalin ƙasar na farko an rage musu zuwa 50, saboda cuta ta kan riske su da wuri. Sai a aiko ma'auna su duba halin da tsoho ya ke ciki, su faɗi hawan da ya dace da shi. A 2024 hawa na ɗaya wajen dala 10,000 ne a shekara, na huɗu kuwa ya ɗan wuce dala 60,000. Ba a damƙa wa tsoho kuɗin a hannu. Shi dai ya zaɓi kamfanin da ya ke so, kamfanin ya yi masa aiki, a biya shi daga kason tsohon.

BABBAN BINCIKE NA 2018 ZUWA 2021

A watan Satumba na 2018, bayan labarun wulaƙanta tsofaffi sun yawaita, Firayim Minista na lokacin, Scott Morrison, ya ba da sanarwar kafa babban kwamitin bincike mai ikon kiran shaidu kamar kotu. Kwamitin ya zaga ƙasar yana sauraron tsofaffi, da danginsu, da ma'aikata, da likitoci. A watan Oktoba na 2019 ya fitar da rahoton wucin gadi, ya sa masa suna da kalma ɗaya tak, Neglect, watau sakaci.

Abin da aka gano game da jinya a gida yana da tayar da hankali. Mutum fiye da 100,000 suna cikin jerin jira, an riga an auna su, an yarda sun cancanta, amma kuɗin ba su zo ba. Masu bukatar hawa na huɗu, waɗanda su ne mafi rauni, su kan jira fiye da shekara guda. Cikin wata goma sha biyun da suka ƙare a watan Yuni na 2018, mutum fiye da 16,000 sun rasu suna jira.

Rahoton ƙarshe ya fito ran 1 ga Maris 2021 da shawarwari 148, ƙarƙashin Tony Pagone da Lynelle Briggs. Daga cikinsu akwai cewa a share jerin jiran nan, a ƙayyade mafi ƙarancin lokacin da ma'aikaci zai ba ko wane tsoho a gidajen kulawa, a kuma ƙara albashi. Kwamitin ya ga cewa ma'aikata sun yi kaɗan, horonsu bai isa ba, ladansu kuma bai kai wahalarsu ba. A kasafin kuɗi na watan Mayu 2021 Gwamnati ta yi alkawarin ƙarin gurabe 80,000 na jinya a gida. Sai dai gurbi a takarda ba ya yi wa tsoho wanka, sai an sami mai hannu.

ASALIN ƘARANCIN ALBASHIN

A Ostiraliya akwai wata hukuma mai zaman kanta, wadda ke yanka mafi ƙarancin albashin ko wace sana'a, hukuncinta kuwa doka ne. Sunanta na yanzu Fair Work Commission, a nan za mu kira ta Hukumar Ƙwadago. Al'adar nan ta daɗe. A 1907 wani alƙali, Henry Higgins, ya yanke cewa ladan lebura shi ne sule 7 a rana, domin ya isa ya riƙe kansa da matarsa da 'ya'ya uku. Tun da ya ke an ɗauka namiji ne mai ciyar da gida, sai aka bar mace a baya. A 1919 aka yanka ladan mace kashi 54 cikin ɗari na ladan namiji, a 1950 aka ɗaga shi zuwa kashi 75. Sai a hukunce-hukuncen 1969 da 1972 aka yarda cewa aiki ɗaya, ko aiki mai daraja ɗaya, ladansa ɗaya ne ga mace da namiji.

Amma wannan gyara bai kai ga masu kula da tsofaffi sosai ba. Dalili kuwa shi ne, fiye da kashi 80 cikin ɗari na masu wannan aiki mata ne, ba su da wasu maza masu yawa a gefensu da za a gwada albashinsu da nasu. An kuma ɗauki aikin tamkar aikin gida, wanda wai ko wace mace ta iya shi tun tana ƙarama. Saboda haka ladan mai yi wa tsoho wanka bai ɗara mafi ƙarancin albashin ƙasa da wani abin kirki ba, har a kan ce gara jera kaya a kanti. Ma'aikata suka riƙa barin aikin suna komawa asibitoci, ko wajen kula da naƙasassu, inda ladan ya fi. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki a ke jan na rijiya.

SHARI'AR ALBASHI

A watan Nuwamba na 2020 Ƙungiyar Ma'aikatan Lafiya ta kai ƙara gaban Hukumar Ƙwadago tana neman ƙarin kashi 25 cikin ɗari. Daga baya ƙungiyar nas-nas da ungozomomi ta shigar da tata. Gwamnatin Anthony Albanese, wadda ta hau mulki a watan Mayu na 2022, ta goyi bayan ƙarin, ta kuma yi alkawarin biyan abin da Hukumar ta yanke. Ga yadda hukuncin ya zo daki-daki:

1. A watan Nuwamba na 2022 Hukumar ta ba da ƙarin wucin gadi na kashi 15 cikin ɗari ga masu taɓa tsoho da hannunsu, watau nas-nas, da mataimakansu, da masu jinya a gida. Gwamnati ta so a raba shi biyu, kashi 10 sa'an nan kashi 5, amma Hukumar ta ce a biya gaba ɗaya daga 30 ga Yuni 2023.

2. A watan Maris na 2024 ta yanke babban hukuncinta. Masu kula da jikin tsoho suka sami ƙarin da ya kai kashi 28.5 ga wanda ya fi samu, in an haɗa da kashi 15 na fari. Masu shara, da wanki, da raba abinci suka sami kusan kashi 7, ma'aikatan ofis da makamantansu kuwa kashi 3. Aka fara biya ran 1 ga Janairu 2025, ragowar kuma ran 1 ga Oktoba 2025.

3. A watan Disamba na 2024 ta yanke na nas-nas dabam, aka tsara biyansa sau uku: 1 ga Maris 2025, da 1 ga Oktoba 2025, da 1 ga Agusta 2026.

Hukumar ta bi diddigin tarihin da muka ambata, ta tabbatar cewa an daɗe ana rage darajar aikin nan domin aikin mata ne. Ta kuma ce akwai gwaninta a cikinsa wadda ba a taɓa sa wa kuɗi ba. Lallashin tsohon da ya ƙi cin abinci, da gane ciwo a fuskar wanda ba ya iya magana, da kwantar da hankalin wanda ya manta 'ya'yansa, da zama da iyali sa'ad da ajali ya gabato, duk waɗannan sai wanda ya ƙware.

Gwamnati ta ware dala biliyan 11.3 cikin shekara huɗu domin mataki na fari, da biliyan 3.8 domin na biyu, da biliyan 2.6 domin na nas-nas. Jimla biliyan 17.7 ke nan. Aka kuma wajabta wa kamfanoni su riƙa ba da bayanin abin da su ke biyan ma'aikatansu, domin a ga ko kuɗin suna isa inda aka nufa.

LISSAFIN DA YA HAƊA SU

Yanzu sai mu koma ga igiyar nan da muka ambata. Ga misali, adadin da ke cikinsa kuwa mun tsara su ne don sauƙin lissafi kawai.

A ce wata tsohuwa kasonta na wata ɗaya dala 1,440 ne bayan an cire ladan gudanarwa. Kamfani yana sayar mata da aikin sa'a guda a kan dala 80. In ka raba 1,440 da 80, za ka ga tana samun sa'a 18 a wata. To, sai aka ƙara albashi, kamfani ya mai da sa'a guda dala 90. In kasonta bai ƙaru ba, sa'a 16 kaɗai za ta samu. Sa'a biyu sun tafi, watau wanka biyu, ko zuwa asibiti sau ɗaya. In haka ta faru, tsohuwar ce ta biya ƙarin albashin da jikinta. Kafin ta koma sa'a 18 sai an mai da kasonta dala 1,620, ƙarin dala 180 ke nan.

Saboda gudun haka ne Gwamnati ta ƙara kuɗin jinya a gida da kashi 11.9 cikin ɗari ran 1 ga Yuli 2023, kwana ɗaya bayan ƙarin albashi ya fara aiki. Me ya sa bai kai kashi 15 ba? Domin ba dukan kuɗin sa'a ne ke shiga aljihun ma'aikaci ba. A ciki akwai kuɗin mota, da inshora, da horo, da haya. Tun kafin wannan, ran 1 ga Janairu 2023, an riga an ƙayyade ladan gudanarwa: kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari na kason tsoho wajen tsara jinyarsa, kada kuma ya wuce kashi 15 wajen riƙe lissafinsa. An yi haka ne domin waɗansu kamfanoni suna cinye kaso mai yawa kafin ma'aikaci ya taka ƙofar gidan tsoho.

Lissafin yana da wata fuska kuma. In an ba tsohuwar kuɗi masu yawa amma albashi ya tsaya ƙasa, ba za a sami mai zuwa gidanta ba, musamman a ƙauyuka masu nisa. Kuɗin sai su kwanta a asusu ita kuwa tana kwance ba mai juya ta. Ban da haka, gidajen kula da tsofaffi suna jan ma'aikata daga rijiya ɗaya da masu jinya a gida. Tun daga 1 ga Yuli 2023 doka ta ce lalle a sami cikakkiyar nas a ko wane gida dare da rana, daga 1 ga Oktoba 2024 kuma ko wane tsoho a ba shi kulawar minti 215 a rana bisa matsakaicin lissafi, 44 daga ciki na cikakkiyar nas. Dukan waɗannan hannuwa su ke bukata. Don cike giɓin, ƙasar ta buɗe ƙofa ga ma'aikata daga waje, har da na tsibiran tekun Fasifik.

SABON SHIRI NA 2025

Tun da ya ke kuɗin aikin suna hawa, tambaya ta taso: wa zai ɗauki nauyin? Shugabannin babban binciken sun ba da shawarar a ɗora wani haraji na musamman. Amma kwamitin da Ministar Kula da Tsofaffi ta lokacin, Anika Wells, ta shugabanta ya ƙi wannan a rahotonsa na watan Maris 2024. Ya ce tsofaffi masu hali su ƙara abin da su ke bayarwa, kada a ɗora wa matasa masu aiki. A kan wannan aka gina sabuwar Dokar Kula da Tsofaffi ta 2024. An so ta fara aiki ran 1 ga Yuli 2025, aka ɗaga zuwa 1 ga Nuwamba 2025 domin shiri bai kammala ba.

A ranar ce sabon shiri mai suna Support at Home, watau taimako a gida, ya maye gurbin tsohon tsari mai hawa huɗu. Ga yadda ya ke sa'ad da aka fara shi:

1. Hawa takwas ne, daga wajen dala 11,000 zuwa wajen dala 78,000 a shekara, ana ba da su wata uku-uku.

2. Ladan tsara jinya an rage shi zuwa kashi 10 cikin ɗari.

3. Aikin asibiti, kamar na nas da na masu gashin ƙashi, Gwamnati ke biya duka.

4. Aikin taimakon kai, kamar wanka da sa tufa, mai cikakken fansho na Gwamnati ya ba da kashi 5 cikin ɗari, mai hali ya ba da har kashi 50.

5. Aikin yau da kullum, kamar shara da yankan ciyawa, mai cikakken fansho ya ba da kashi 17.5, mai hali har kashi 80.

6. Akwai kuɗi dabam na kayan taimako da gyaran gida, kamar keken guragu da ƙarfen dafawa a makewayi. Akwai kuma wajen dala 25,000 na mako 12 ga wanda likita ya ga kwanansa ya ƙarato, domin ya cika a ɗakinsa.

An yi wa waɗanda ke cikin tsohon tsari tun kafin 12 ga Satumba 2024 alkawarin ba za su biya fiye da abin da su ke biya ba.

A lura da abu guda a nan. Tun da ya ke abin da tsoho ke bayarwa kashi ne na kuɗin sa'a, duk sa'ad da albashi ya hau, kuɗin sa'a ya hau, to, nasa ma ya hau. Wannan ya jawo gardama mai zafi a 2025. Masu kare tsofaffi suka ce wanka ba abin marmari ba ne, talaka zai rage wanka don gudun biya, daga nan sai gyambo da faɗuwa da kwanciya asibiti, wanda ya fi tsada nesa. Gwamnati ta amsa cewa akwai sassauci ga wanda ya kasa biya, kuma in masu hali ba su sa hannu ba shirin ba zai ɗore ba. Jerin jira ma bai ƙare ba, har a watan Satumba na 2025 Majalisar Dattawa ta matsa wa Gwamnati ta saki gurabe 20,000 nan da nan. Abin da Gwamnati ta sa a gaba shi ne jira ya sauko zuwa wata uku kafin watan Yuli na 2027.

ABIN DA ZA A RIƘE

Abu uku ke tafiya tare: ladan ma'aikaci, da kason tsoho, da yawan gurabe. In an ɗaga lada aka bar kaso, sa'o'in tsoho sun ragu. In an ɗaga kaso aka bar lada, ba mai zuwa aikin. In an ɗaga su biyu aka bar gurabe, wanda ke ciki ya ji daɗi, wanda ke waje ya mutu yana jira. Duk wanda ya ji an ce an ƙara wa masu jinya albashi, sai ya tambaya daga wane aljihu za a biya, kana ya san ko labarin na murna ne ga tsoho.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa kamfanonin kula da tsofaffi ba su iya ƙara albashi mai yawa sai da hannun Gwamnati?

2. Yaya hukuncin 1907 ya shafi ladan mata?

3. In kason tsoho dala 2,000 ne a wata, sa'a guda kuma ta tashi daga dala 80 zuwa 100, sa'a nawa ya rasa? Nawa za a ƙara masa ya koma yadda ya ke?

4. Tsakanin ɗora haraji na musamman da karɓa daga tsofaffi masu hali, wanne ka ga ya fi adalci? Kawo hujjarka.